Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Hotunan Ƙirƙirarriyar Basira Ke Yi wa Al'adu Kuɗin Goro

Tun daga shekarar 2022, lokacin da manhajoji irin su DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion suka shiga hannun jama'a, kowa na iya rubuta jimla guda a waya ko kwamfuta ya samu hoton da babu kyamarar da ta taɓa ɗaukarsa. Ba a daɗe ba masu bincike da 'yan jarida suka lura cewa waɗannan hotuna ba sa nuna al'ummomin duniya da ido ɗaya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mece ce ainihin matsalar?

Matsalar ita ce idan aka nemi manhaja ta zana mutumin wata ƙasa, ko gidansa, ko abincinsa, sai ta riƙa dawo da siffa guda ɗaya tak, kuma sau da yawa siffar ita ce wadda baƙi suka daɗe suna kallon mutanen da ita. Idan kuma ba a ambaci ƙasa ba, aka ce kawai ta zana ɗaurin aure ko ɗakin girki ko likita, sai ta ɗauki tsarin rayuwar Amurka da Turai a matsayin abin da kowa ke nufi. Wato illar ta kasu biyu: wasu al'adun ana taƙaita su zuwa alama ɗaya, wata al'adar kuma ana mayar da ita ma'aunin kowa.

Akwai hujja, ko dai ƙorafi ne kawai na masu ganin an raina su?

Akwai hujja, kuma an ƙirga ta. A watan Oktoban 2023 kafar labarai ta Rest of World ta sa Midjourney ta samar da hotuna 3,000, inda ta nemi abubuwa biyar, wato mutum da mace da gida da titi da farantin abinci, a ƙasashe shida: Sin, Indiya, Indonesiya, Meziko, Nijeriya da Amurka, hoto 100 ga kowane umarni. Mutumin Indiya kusan kullum ya fito a matsayin dattijo mai gemu, mafi yawansu da rawani, a ƙasar da ke da mutane fiye da biliyan 1.4, waɗanda rabinsu ba su kai shekara 30 ba. A cikin hotuna 100 na mutumin Meziko, 99 suna sanye da malafa mai faɗi ko makamanciyarta. Abincin Indonesiya yawanci a kan ganyen ayaba yake zuwa, titunan New Delhi cike da shara, gidajen Nijeriya kuwa galibinsu sun fito a matsayin tsofaffin gine-ginen da suka ji jiki. Amurka ma ba ta tsira ba, domin mutanenta sun riƙa fitowa da tuta a bayansu, sai dai akwai bambanci tsakanin a lulluɓe mutum da tutarsa da a lulluɓe shi da talauci.

Watanni kaɗan kafin wannan, a Yunin 2023, Bloomberg ta yi nata gwajin da hotuna sama da 5,000 na Stable Diffusion, ta kwatanta su da alƙaluman ma'aikata na Amurka. Mata su ne kashi 34 cikin 100 na alƙalan ƙasar, amma kashi 3 kacal na hotunan alƙalai ne suka fito mata. Fiye da kashi 80 na hotunan fursunoni masu duhun fata ne, alhali bisa alƙaluman hukumar gidajen yarin tarayya ta Amurka, waɗanda ba fararen fata ba ba su kai rabin fursunonin da ke hannunta ba. A Nuwamban wannan shekarar jaridar Washington Post ta nemi hoton kayan wasan yara a Iraƙi, sai manhajar ta ba ta 'yan sojojin roba riƙe da bindigogi. A cikin watan dai jaridar Guardian ta gano cewa manhajar zana sitika ta WhatsApp tana fitar da hoton yaro riƙe da bindiga idan an nemi yaron Falasɗinu, yayin da yaron Isra'ila ke fitowa yana ƙwallo ko karatu.

Ta yaya manhaja ke koyon zana hoto har ta ɗauko irin wannan hali?

Ana horar da ita ne da ɗimbin hotuna, kowanne haɗe da ɗan rubutun da ke bayaninsa. A lokacin horon, ana ɓata kowane hoto a hankali da ɗige-ɗige har ya koma kamar allon talabijin da bai kama tasha ba, sannan a koya wa manhajar ta bi sawun ɓarnar ta dawo da hoton, tana jingina da rubutun da ke tare da shi. Bayan an maimaita wannan sau biliyoyi, sai ta iya farawa daga ɗige-ɗige zalla ta gina sabon hoto bisa kowace jimla aka ba ta. Abin lura a nan shi ne manhajar ba ta san Nijeriya ba, ba ta san Indiya ba; abin da ta sani shi ne irin launuka da siffofin da suka fi yawan zuwa tare da kalmar Nijeriya a cikin hotunan da aka nuna mata. Duk abin da masu ɗora hotuna suka fi haɗawa da sunan wata ƙasa, shi ne zai zama fuskar ƙasar a wurinta.

To daga ina aka samo hotunan horon?

Yawancin kamfanonin ba sa bayyanawa. Wanda aka fi sani shi ne rumbun LAION-5B, wanda wata ƙungiyar sa-kai ta Jamus ta fitar a 2022, kuma da wani sashensa aka horar da Stable Diffusion na farko. Rumbun ya ƙunshi hotuna kimanin biliyan 5.85 tare da bayanansu, duka an kwaso su daga shafukan intanet ba tare da wani ɗan Adam ya zauna ya tantance su ɗaya bayan ɗaya ba. Kimanin biliyan 2.3 daga ciki bayanansu da Turanci ne, sauran harsuna sama da 100 kuma suka raba abin da ya kai biliyan 2.2. Su kansu masu Stable Diffusion sun rubuta a takardar bayanin manhajar cewa an fi horar da ita da bayanan Turanci, kuma hakan na sa ta ɗauki al'adun fararen fata da na Yamma a matsayin asali.

Akwai wata tacewa ta biyu da ba a cika magana a kanta ba. Domin hotunan su fito da kyan gani, ana zaɓar waɗanda wata ƙaramar manhaja ta ba su maki mai yawa na kyau, ita kuma ta koyi abin da ake kira kyau ne daga ra'ayin wasu tsirarun mutane da suka ba hotuna maki. Ke nan ɗanɗanon wannan rukuni ya shiga cikin injin a matsayin ma'auni. Ingancin rumbun kansa ma abin tambaya ne: tun a 2021 mai bincike Abeba Birhane, 'yar asalin Habasha, da abokan aikinta suka nuna cewa ƙaramin rumbun LAION na baya cike yake da batsa da ƙasƙantar da mata da kalaman wariya, sannan a Disamban 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gano hotunan cin zarafin yara a cikin LAION-5B, abin da ya sa aka janye shi har sai da aka fitar da tsaftatacce a Agustan 2024.

Idan daga intanet aka kwaso su, ashe ba gaskiyar duniya manhajar ke nunawa ba?

Wannan ita ce hujjar da aka fi kare manhajojin da ita, kuma ba ta tsayawa. Da farko, intanet ba duniya ba ce. Hoton wani wuri da ke yawo a shafukan Turanci ya dogara ne da wanda ya riƙe kyamara da dalilin da ya kai shi wurin. Ɗan jaridar waje yakan je Maiduguri ko Darfur ne idan an yi tashin hankali, ƙungiyar agaji tana ɗaukar hoton yaron da ya rame ne domin ta tara gudummawa, ɗan yawon buɗe ido kuma abin da ya ba shi mamaki yake ɗauka. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi ƙarya, amma babu mai dalilin ɗaukar hoton ma'aikaciyar banki tana komawa gida, ko ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje, ko falo mai kujeru da labule. Irin waɗannan hotunan suna nan jingim a wayoyin mutane da zaurukan WhatsApp na dangi, inda injin kwasar bayanai ba ya kaiwa, kuma ko an ɗora su a fili da wuya a rubuta musu bayani.

Na biyu, manhajar ba ta tsayawa a kan karkatar da ta tarar, ƙara mata take yi. Aikinta shi ne ta fitar da hoton da ya fi dacewa da kalmomin, saboda haka idan wata siffa ta ɗan rinjayi sauran a cikin rumbun, a wurin fitarwa sai ta mamaye kusan komai. Alƙaluman alƙalan nan na Bloomberg su ne shaida: kashi 34 na zahiri ya koma kashi 3 a hoto.

Da gangan kamfanonin suka yi haka?

Babu alamar cewa wani ya zauna ya umarci manhaja ta muzanta wata al'umma. Amma kwasar duk abin da aka samu saboda ya fi araha, da sakin manhaja ga miliyoyin mutane bayan an san aibinta, duka zaɓi ne da mutane suka yi, kuma a ganina alhakinsa yana wuyansu.

Idan na rubuta umarnina dalla-dalla, ba zan kauce wa matsalar ba?

Zai taimaka, amma yana da iyaka. A Agustan 2023 mujallar Lancet Global Health ta buga wani gwaji da Arsenii Alenichev da Patricia Kingori da Koen Peeters Grietens suka yi. Sun so su juya hoton nan da aka saba gani a harkar agajin lafiya, na Bature likita yana duba yaran Afirka, sai suka nemi Midjourney ta zana likitoci baƙar fata 'yan Afirka suna kula da yara farar fata marasa lafiya. Manhajar na iya zana likitocin su kaɗai, tana kuma iya zana yaran su kaɗai, amma da aka haɗa su a umarni ɗaya, a cikin hotuna sama da 300, sai yaran suka riƙa fitowa baƙaƙe kusan a kowane karo, wani lokacin ma likitocin su koma farare. A wasu hotunan har raƙumin dawa da giwaye ta ajiye kusa da likitocin, don kawai kalmar Afirka na cikin umarnin. A Afrilun 2024 wata 'yar jaridar The Verge ta gamu da makamancin haka a manhajar Meta, wadda ta riƙa kasa zana namiji ɗan Asiya tare da mace farar fata.

Sannan akwai tambayar adalci a cikin wannan shawarar kanta. Wanda al'adarsa ce asalin manhajar, kalma uku ta ishe shi. Wanda ba haka ba sai ya rubuta sakin layi yana roƙon kada a zana shi a bukka.

Me ya faru da Gemini, injin ƙirƙirarriyar basira na Google, da aka ce shi kuma ya wuce gona da iri?

Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Kamfanonin sun gane cewa sake tattara rumbun hotuna aiki ne mai tsada da cin lokaci, sai suka koma yin faci a bakin ƙofa, wato manhajar ta ƙara wasu kalmomi a ɓoye cikin umarnin mai amfani domin mutanen da za su fito su kasance mabambanta launi da jinsi. OpenAI ta sanar da wata dabara ta faɗaɗa nau'in mutanen da DALL-E 2 ke fitarwa tun a Yulin 2022. A Fabrairun 2024 irin wannan faci ya kunyata Google, lokacin da Gemini ya zana sojojin Jamus na shekarar 1943 a matsayin baƙar fata da 'yan Asiya, ya kuma yi haka da waɗanda suka kafa ƙasar Amurka. A ranar 22 ga watan kamfanin ya dakatar da zana hoton mutane gaba ɗaya, shugabansa Sundar Pichai ya shaida wa ma'aikata cewa ba za a amince da abin da ya faru ba, kuma sai a Agusta aka fara dawo da wannan aiki. Wasu sun ɗauki lamarin a matsayin hujjar cewa ƙoƙarin gyaran ne kuskure. Abin da ya nuna a zahiri shi ne manhajar da ba ta san tarihi ko mahalli ba ba za ta iya bambance inda ya dace a nuna mutane iri-iri da inda hakan zai zama ƙarya ba, kuma sauya launin fatar mutum a hoto bai sa ta san yadda gidansa ko tufafinsa ko bikinsa yake ba.

Sabon abu ne wannan a tarihin hoto?

A'a. Katunan hoto da masu ɗaukar hoto na zamanin mulkin mallaka suka riƙa bugawa a farkon ƙarni na 20, kamar na François-Edmond Fortier a Dakar, sun kafa wa Turai wani kallo na Afirka da har yau bai gushe ba. A shekarun 1950 kamfanin Kodak yana daidaita launin wankin hoto ne da katin wata mace farar fata, abin da ya sa fuskokin baƙaƙe suka daɗe suna fitowa a dushe. A zamanin kwamfuta kuma, wani bincike na 2017 ya nuna cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na hotunan rumbun ImageNet daga Amurka suke, kuma manhajojin da aka horar da irinsa sun fi gane amarya idan tana cikin farar rigar Turawa fiye da idan ta yi shigar Indiya. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka nuna cewa manhajojin tantance jinsi daga fuska na kuskure har kashi 34.7 a kan mata masu duhun fata, alhali kuskurensu a kan maza masu hasken fata bai wuce kashi 0.8 ba.

Hoto ne kawai, wace illa zai yi?

Illar tana cikin yawa da sauƙi. Hoton da a da sai an biya mai kyamara ya yi tafiya, yanzu a cikin daƙiƙu ake samunsa, kuma yana shiga tallace-tallace da littattafan yara da rahotannin ƙungiyoyi da shafukan labarai. A Yulin 2023 BuzzFeed ta wallafa hotunan 'yar tsanar Barbie ta kowace ƙasa da aka yi da Midjourney, ta Sudan ta Kudu ta fito riƙe da bindiga, daga baya aka cire rubutun saboda suka. Yaron da ke Kanada ko Japan wanda bai taɓa ganin ɗan Sudan ta Kudu ba, da irin wannan yake fara saninsa. Ga kuma wani zagaye mai haɗari: hotunan da manhajojin suka samar suna komawa intanet, inda za a iya sake kwaso su a horar da manhajojin gobe, karkatar jiya ta zama darasin gobe.

Yaya lamarin yake ga Hausawa da harshen Hausa?

Duk abin da hotunansa masu cikakken bayani suka yi ƙaranci a rumbun horo, manhaja takan cike gurbinsa da abin da ya fi kama da shi a cikin waɗanda ta sani. Shi ya sa ya kamata wanda ya nemi hoton hawan Sallah ko fadar sarki ya duba da idon basira: shin naɗin rawanin na Kano ne ko na Rajasthan ta Indiya, babbar riga ce da aikinta ko jallabiyar Larabawa, akwai zanko a kan ginin ko an ɗauko masallacin Djenné na Mali an dasa? Baƙo ba zai ga bambancin ba, amma ɗan gida ya san cewa rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne, kuma hoton da ya ɗora shi a kan wanda bai cancanta ba ya faɗi wata magana da ba a nufa ba. Rubuta umarni da Hausa bai cika magance wannan ba, domin ko manhajar ta fahimci kalmar, siffar da za ta zana daga hotunan da ta gani take fitowa.

Akwai masu aiki a wannan fage. A 2022 Idris Abdulmumin da abokan bincikensa suka fitar da Hausa Visual Genome, tarin hotuna kusan 33,000 masu bayani da Hausa. Aiki ne mai amfani ga fassara da koyar da na'ura harshen, sai dai hotunan nasa daga wani rumbun waje aka aro su aka fassara bayanansu, don haka giɓin hotunan ƙasar Hausa kanta yana nan.

Sababbin manhajojin ba su gyaru ba?

Sun fi na 2022 bin umarni da fitar da hoto mai kama da na gaske, kuma alƙaluman da aka kawo a sama na nau'o'in da aka gwada a lokacin ne. Amma kyan hoto da ingancin abin da ke cikinsa abubuwa biyu ne, kuma kuskuren da ya zo cikin hoto mai ƙyalli ya fi saurin karɓuwa.

Akwai dokar da ta shafi wannan?

A Nuwamban 2021 ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka ambaci kare bambancin al'adu, amma ba su da ƙarfin tilastawa. Dokar Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024, ta wajabta wa masu manyan manhajoji su wallafa taƙaitaccen bayanin abin da suka yi horo da shi, wanda aƙalla zai ba masu bincike abin kamawa. Tarayyar Afirka ma ta amince da nata tsarin a Yulin 2024 a Accra.

Me mai amfani da manhajar, ko mai ɗaukar hoto, zai iya yi?

Mai amfani ya ambaci gari da zamani da sana'a da nau'in tufafi da kayan gini, ya samar da hotuna da yawa maimakon ya karɓi na farko, ya nuna wa ɗan al'adar kafin ya wallafa, ya kuma rubuta a fili cewa manhaja ce ta yi hoton. Inda batun labari ne ko tarihi ko wahalar mutane na gaske, hoton kyamara ya fi. Ƙungiyar Amnesty International ta sha suka a 2023 da ta yi amfani da hotunan manhaja wajen nuna zanga-zangar Kolombiya, har ta janye su. Ana kuma iya sarrafa manhajar ta yi abin kirki idan mai ita ya san abin da yake nema, kamar yadda mai fasaha ɗan Nijeriya Malik Afegbua ya yi a jerin hotunansa na dattawan Afirka suna baje kolin kwalliya, waɗanda suka zagaya duniya a farkon 2023.

Masu kyamara kuwa suna da hanyar cike giɓin ta ɗora hotunan rayuwar yau da kullum a Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet, tare da cikakken bayani, kuma gasar Wiki Loves Africa tana tattara irin waɗannan tun 2014, inda ta fara da abinci, shekara mai bi ta koma tufafi da ado. Sai dai wanda zai ɗora ya san cewa lasisin kyauta yana ba kamfanoni ma damar amfani da hotonsa ba tare da biyansa ba, kuma wajibi ne ya nemi izinin mutanen da ke cikin hoton. Wasu al'ummomin sun zaɓi wata hanyar: kafar Te Hiku Media ta al'ummar Māori, 'yan asalin New Zealand, ta tattara muryoyin harshensu da kanta, ta kuma tsara lasisin da ya bar ikon bayanan a hannun al'ummar, ta yadda duk mai son amfani da su sai ya nemi izini ya kuma nuna amfanin da Māori za su samu.